Garkar Lakwal: Albasa Muke Shayarwa ko Rairayi?

Duk shekara, da zarar gero ya shiga rumbu sanyi ya fara kunno kai, sai maganar garkar lakwal ta taso a ƙauyukan gundumomin Tasawa da Mayahi. A kira taron uwaye, a ce bana albasa za a yi don a samu na alli da na gyaran rumfar aji. Kowa ya ce madalla. A share fili bayan azuzuwa, a ja fangali, a dasa iri, sannan a miƙa wa yara bido. Daga ranar har watan Maris ko Afrilu aikin ke nan: ƴan mata su yi jerin gwano tsakanin rijiya da garka, su tuttule ruwa har ya kwanta kamar tabki, kafin su juya baya rairayi ya shanye. Ni malamin makaranta ne, ina kuma da ƴar garkata a gida, saboda haka kada wani ya ce ƙyamar noman rani nake. Abin da na ƙi shi ne wannan ban ruwa na ganin dama da muke koya wa ƴaƴanmu, wanda ba a auna shi, ba a lissafa shi, ba a kuma tambayar wuyan wa ke ɗaukarsa.

In ka buɗe baki, amsa a shirye take: "Haba Mushe, ai albasa ruwa take so. Je ka Galmi ka gani." Na yarda, Galmi ita ce uwar albasa. Jar albasarta ce ta kai sunan Nijar kasuwannin Akara da Kumasi da Abijan da Kwatano, kuma babu ɗan ƙasar nan da ba ya alfahari da ita. Sai dai mai cewa mu kwaikwayi Galmi bai gaya mana inda za mu samo ƙasar Galmi ba. Can jihar Tawa, a kwarin Majiya da na Tarka wajen Madawa, ƙasa tana da laka mai riƙe danshi, ruwa kuma yana kusa, wani wurin ma da hannu ake haƙa ƴar rijiyar tiyo a ɗora mata inji. Ko a nan jiharmu, Jiratawa da Sumarana, inda farar albasar nan ta samo sunanta, bisa Gulbin Maraɗi suke zaune. Wanda ke da wannan gata, in ya malala ruwa a fangali, asararsa kaɗan ce.

Mu fa? Yawancin ƙasarmu jigawa ce. Ruwan da muke samu daga sama a shekara bai cika fita tsakanin milimita 300 da 500 ba, kuma iya arewar da ka yi iya ƙarancinsa. Gulbin Kaba da ya ratsa ta wajen Kananbakashe da Mayahi gulbi ne a suna. Goriba ce shaidar cewa akwai ruwa a ƙarƙashinsa, amma ba ka ganinsa yana gudu. Ka hau tudu kuwa, akwai ƙauyukan da saboda tsawon igiya sai da jaki ko sa ake jan wasaki. A irin wannan wuri ne muke gaya wa yaro ɗan shekara goma cewa alamar manomin kirki ita ce fangalinsa ya cika ya tumbatsa.

Ku tumɓuke albasa ɗaya ku duba saiwarta. Gajera ce, siririya, mafi yawanta ba ta wuce zurfin santimita 30 ba, wato tsawon rular da ke cikin jakar kowane ɗan lakwal. Duk ruwan da ya gangara ƙasa da nan ya wuce ta, ba za ta bi shi ba. A ƙasa mai laka ruwa yakan tsaya ya jira saiwa. A rairayi wucewa yake yi, ya tafi da takin da aka sayo da tsada. To, wanda ya tuttule bido huɗu lokaci guda a inda bido ɗaya zai isa, albasa ta sha ɗaya, rairayi ya sha uku. Gaskiyar masu cewa albasa ba ta son ƙishi tana nan, ban musa ba. Abin da take so shi ne kaɗan-kaɗan a kai a kai, kamar yadda ake shayar da jinjiri, kuma ba mu taɓa ganin uwar da ta ɗura wa jinjiri nonon kwana uku a zama ɗaya ba.

Bari mu yi abin da ake biyanmu albashi dominsa, wato lissafi. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙiyasta cewa albasa na buƙatar ruwa milimita 350 zuwa 550 kafin ta nuna. Tunda ƙasarmu da zafi da iska, mu ɗauki na sama, 550. Milimita ɗaya bisa fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi lita ɗaya ce cif. Ke nan fangali mai murabba'in mita 10 zai sha lita 5,500. Raba wannan da kwana 110 da jar albasa ke yi, ko ɗan fiye, daga dashe zuwa cira: lita 50 a rana, bido biyu na lita 25. Garkar lakwal mai fangali ashirin, bido 40 kowace rana ta Allah, har da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Wannan fa idan ba a zubar da ko ɗigo ba. In kuwa ta hanyar malale ne, a bi da ruwa ta lambatun rairayi sannan a cika fangali, kusan rabi ke salwanta kafin saiwa ta samu, sai lissafin ya koma bido 80. Bido ɗaya cike kilo 25 ne. Ku ɗora yarinyar aji huɗu a ma'auni ku ga ko ta fi bidon da ke kanta nauyi sosai.

Akwai wani lissafin da ya fi wannan tayar mini da hankali. Hekta ɗaya ta albasa, a wannan ma'aunin, lita 50,000 take sha a rana. Ƙauye mai mutum dubu, in kowa ya samu lita 20, wadda ita ce mafi ƙarancin abin da hukumar lafiya ta duniya ke ganin zai ishi mutum sha da girki da ɗan tsabta, lita 20,000 yake buƙata. Hekta guda ta shanye rabon ƙauye biyu da rabi. In an yi mata malale, biyar. Ban sa shanu da awaki da raƙuman makiyayan da ke bin burtali su sauka a rijiyoyinmu da rani ba. Duk wanda ya zo taron gari yana alƙawarin hekta goma, a miƙa masa alli ya hau allo ya nuna mana daga ina ruwan zai fito.

Na san abin da za a ce, don na sha jinsa: "Ai yanzu zamanin sola ne. Rana kyauta ce, a kafa fanfo mai aiki da hasken rana, yara su huta." Fanfon sola alheri ne, ina fatan kowace lakwal ta samu, ko don ƴan matan nan su sauke bido. Amma ku lura da abu ɗaya. Lokacin da ake ja da guga, gajiya ce ke tsayar da mutum. Da injin fetur ya zo, tsadar mai ce ke sa a kashe shi. Sola ba ta gajiya, ba ta shan mai, saboda haka babu abin da zai tsayar da ita sai hankalin mai ita. Na taɓa wucewa wata garka da azahar, tiyo na kwarara cikin fangalin da ya riga ya cika, mai garkar yana can inuwar gawo yana barci. Da na tashe shi, cewa ya yi, "To Malam, kuɗin wa nake ci?" Kuɗin matan da ke bakin rijiyar gari yake ci, waɗanda in watan Afrilu ya kama sai su ƙara wa igiya tsawo, su zauna jiran ruwa ya taru.

Wasu kuma su ce masana sun tabbatar Nijar bisa teku take zaune, ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya ƙarewa. Ruwa kam akwai, Allah Ya hore. Sai dai rijiyar gari ba ta kai can inda ake faɗa ba, ta saman take sha, kuma kowace mita da aka ƙara zurfi kuɗi ce da talaka ba shi da ita. Mai hali ya haƙa mai zurfi ya ja, na marar hali ta ƙafe. Kuma ba mu ne farkon waɗanda aka yi wa wannan daɗin baki ba. Saudiyya, da duk arzikinta, ta noma alkama cikin hamada da ruwan ƙasa a shekarun 1980 har ta riƙa sayarwa waje. A 2008 gwamnatinta ta ga ruwan na ja da baya, ta yanke shawarar janye hannu sannu a hankali, zuwa 2016 aka tsayar da shirin. A jihar Punjab ta Indiya, inda ake ba manoma wutar fanfo kyauta, ruwa sai ƙara nisa yake shekara bayan shekara. Su suna da kuɗin sayo abinci daga waje in lissafi ya ƙwace. Mu a 2005 mun ga abin da ke faruwa a jihar Maraɗi in rumbu ya ƙare ba a da na saye.

To me nake so? A daina albasa? A'a. Akwai masu wannan ra'ayi, su ce ƙasar gero da wake ce, a bar wa Galmi abinta. Ban bi su ba. Tun bayan yunwar 1984, wadda dattawanmu ke kira El Buhari, da marigayi Seyni Kountché ya matsa wa ƙasa lamba a kan noman rani, garka ta tsare mutuncin gidaje da yawa. Ita ce ke iya riƙe saurayi a gida maimakon ya nufi Kano ko Legas ci-rani, ko Libiya, ko ramukan zinariyar Jado. Albasa kuma ta fi tumatir da salati abu ɗaya babba: tana ajiyuwa. Wanda ya cire a Maris lokacin da ta yi araha, in ya iya riƙe ta a rudu har kaka, yakan sayar ninki biyu ko uku. A nan ne ma masu malale ke cutar kansu ba su sani ba. Hausawa sun ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuma duk ɗan kasuwar albasa zai gaya maka wadda aka cika wa ruwa da takin zamani, mai ƙaton kai da kaurin wuya, ita ke fara ruɓewa a rudu. Ƴar madaidaiciya mai tauri, wadda wuyanta ya bushe sarai, ita ke kaiwa lokacin tsada.

Abin da nake so shi ne a yi ta yadda ƙasarmu za ta iya ɗauka, kuma mafi yawan dabarun ba sa cin ko dala. Na farkonsu lokaci. Lakwal na buɗewa a Oktoba, amma sai a zauna jiran taro, jiran iri, jiran wani ya zo daga gari ya ɗauki hoto, har Janairu ba a yi dashe ba. Albasar Janairu cikin zafin bazara za ta yi kai, lokacin da rana ke shanye ruwa kafin ya shiga ƙasa kuma ƙananan ƙwarin da ke tsotse lawashi suka yi yawa. In an zuba iri a Oktoba aka dasa kafin Disamba ta yi nisa, sanyi ne zai yi maka rabin aikin. Sai ƙasa: rairayi ba ya riƙe ruwa, amma rairayin da ya sha ruɓaɓɓen takin gida yana riƙewa, kuma kashin awaki da na shanu ba sai an je Maraɗi saye ba. A daidaita fangali ya kwanta sumul, ƙarami, ɗan ƙasa da hanya, don kada ruwa ya taru a kusurwa ɗaya sauran su bushe. A yi darnin kara ta gabas da arewa ya tare iskar hunturu, wadda ke busar da fangali kamar yadda take busar da leɓe. A rufe tsakanin layuka da ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa. Za a ce gara, kuma gaskiya ne gara na bin busasshen abu. A shimfiɗa shi siriri, a nisanta shi da wuyan albasa, a riƙa dubawa. A ba da ruwa da sassafe ko da marece. In akwai ƴan kuɗi, kafin a sayi komai a sayi tiyon roba a binne daga rijiya zuwa fangali, irin tsarin da ma'aikatan gona ke kira kalifoniya, domin lambatun rairayi ɓarawo ne mai sata da rana tsaka.

Akwai kuma sanin lokacin da za a tsuke hannu da lokacin da ba a tsukewa. Makon farko zuwa na biyu bayan dashe, da lokacin da kai ya fara kumbura, nan ba a yi wa albasa rowa. In ta sha ƙishi a nan, kai zai ƙanƙance ko ya rabu biyu. Amma in lawashi ya fara kwanciya, a ɗauke ruwa gaba ɗaya mako biyu zuwa uku kafin cira. Sau nawa na ga ana sa yara ban ruwa har jajibirin cira, wai don ta yi nauyi a ma'auni! An wahalar da yara, an zubar da ruwa, an kuma ruɓar da albasar, duka a aiki ɗaya.

Game da ban ruwa na ɗigo-ɗigo, ina da magana biyu. Yana aiki. Inda malale ke zubar da kusan rabi, shi kashi 90 cikin ɗari yake kaiwa ga saiwa. Cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta daɗe da nuna cewa da tano ɗaya bisa ɗan dandamali da siraran tiyo ana iya ciyar da garka ba tare da inji mai ƙarfi ba. Amma ku shiga ma'ajiyar lakwal nawa ku ga tiyon ɗigo a nannaɗe, ɓera ya huda, yashi ya toshe, matatar ta ɓace, babu wanda aka koya wa wankewa, babu kuma shagon da ke sayar da madadinta kusa. Wanda zai ba mu kyautar irin wannan kaya ya haɗa da koyarwa da inda za a samu kayan gyara, in ba haka ba ya ba mu kuɗin taki da darni, sun fi mana amfani.

Yanzu gare ku, ƴan uwana malamai. Muna tsaye gaban allo muna ba yara lissafin fanfon da ke cika kwatarniya cikin minti kaza, lissafin da aka rubuta don yaran da ruwa ke zuwa musu har ɗaki, alhali ga lissafi na gaske bayan aji yana jiranmu. A ja fangali biyu gefe da gefe. Ɗaya a yi masa yadda aka saba, ɗaya a sa masa taki da rufi a ba shi bido biyu a rana. Yara su riƙe littafi su rubuta kowane bido. A ajiye kwanon ruwa a rana, kowace safiya a sa rula a ga milimita nawa rana da iska suka sha, a kwatanta na Disamba da na Maris. Ran cira a auna. In murabba'in mita ya ba da kilo 3, yaron aji shida zai gano da kansa cewa kilo ɗaya na albasa ya ci lita 180 da ɗoriya, fiye da bido bakwai, kuma na malale ya ci ninkin haka. Sannan a ajiye duka biyun, kowane wata a ƙirga waɗanda suka ruɓe. Ga awo, ga rabawa, ga kashi cikin ɗari, ga kimiyya, duka a fangali biyu. Wanda ya rasa amsar wata tambaya, ga cibiyar INRAN a Tarna, ga tsangayar noma ta Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ga malamin gona na gunduma. Kuma don Allah a daina mayar da garka wurin horo. Yaron da aka ce "ka makara, je ka ɗebo bido biyar" ya koyi darasi ɗaya tak, cewa noma hukunci ne, kuma da shi zai girma.

Kada wani ya ce mutanenmu ba sa karɓar sabon abu. Jihar nan ce ta koya wa duniya sassaben zamani. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi suka fara barin tohon itace a gona suna renonsa maimakon sarewa, har yau baƙi na zuwa ƙauyuka irin su Dan Saga su ga yadda gonaki suka koma da itatuwa. Ba da takarda aka shawo kansu ba, a gonar maƙwabci suka gani. Garkar lakwal ita ce gonar maƙwabcin kowa a ƙauye, domin babu gidan da ba shi da ɗa ko jika a ciki.

Ku kuma uwaye, musamman uwaye mata da ƴan kwamitin COGES, ƴarku da kuka sha fama kafin a bar ta ta shiga lakwal, wadda ta riga ta yi ɗiban ruwan gida kafin ta fito, ba ku aiko ta don ta zama jakar garka ba. Sa'o'in da take yi a hanyar rijiya daga karatunta ake yankarsu, kuma kun san abin da ake cewa a gida ran da sakamakonta ya yi ƙasa: tunda ba ta ganewa, a yi mata aure. In an kira taron garka bana, kafin a tafa, wani ya miƙe ya tambayi darakta fangali nawa za a ja, bido nawa ke nan a rana, wa zai ɗauka, a wane lokaci, kuma daga rijiyar da gari ke sha ne ko wata dabam. In an ce fangali ashirin, ku ce a fara da shida. In an ce yara za su ɗebo, ku ce a sa amalanke, kuma maza da mata su raba aikin daidai. In an ce sai Janairu za a dasa, ku ce a bari sai baɗi, bana a tara taki.